Ƙawayen Amurka na neman sababbin abokai: wace kalma za mu ba wannan?

Daga Birnin Kebbi:
Malamaina, ina fassara labaran ƙetare, kuma kalmar da Turawa ke cewa "hedging" ta hana ni sakat tun da Trump ya dawo mulki a Janairun 2025. Ƙasa ce ke da babbar ƙawa da take jingina da ita a ciniki da tsaro, sai ƙawar ta fara sauya hali. Ita kuma ba ta yanke hulɗa ba, sai dai ta shiga ƙulla zumunci da wasu don kada a wayi gari ta rasa tudun dafawa.

Ku dubi Kanada. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da take fitarwa Amurka suke zuwa. Trump ya lafta mata haraji, har yana cewa gara ta zama jihar Amurka ta 51. A Yunin 2025 Firaminista Mark Carney ya je Brussels ya sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Tarayyar Turai. Duk da haka Kanada na nan cikin ƙungiyar tsaro ta NATO, manyan motoci na ta tsallaka iyaka da kaya. Wani ya ce in sa "sauya sheƙa", zuciyata ba ta kwanta ba.

Daga Kamba:
Yaya, sauya sheƙa kam a'a. Mu da ke bakin iyaka mun san kamanninta. Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023, ta sa Amurkawa suka kwashe daga sansaninsu na Agadas a 2024, ta rungumi Rasha. Kanada ba ta yi ko kusa da haka ba. Me zai hana a ce "ba-ruwanmu"?

Daga Birnin Kebbi:
Ƙanena, wannan sunan yana da masu shi. Ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu ce da su Tito da Nehru da Nasser da Nkrumah suka kafa a Belgrade a 1961, waɗanda suka ƙi bin Amurka suka ƙi bin Tarayyar Sobiyat. Waɗanda nake magana a kai da ruwansu tsundum.

Daga Argungu:
Ɗana, wagga kalma tana bakinmu tun kaka da kakanni: raba ƙafa. Manomi nan wajenmu yana da shinkafa a fadama, yana da gero a tudu. Bai raina fadama ba, ita ka kawo kuɗi. Amma shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya shanye shinkafa, kamar yadda munka gani a 2020, geron tudu shi ka riƙe gida.

Dubi Saudiyya. Shekaru da dama tana ƙarƙashin inuwar Amurka. Ran 9 ga Satumban 2025 Isra'ila ta kai hari Doha, babban birnin Katar, alhali Katar ce ke ɗauke da sansanin Amurka mafi girma a yankin, wato Al Udeid. Ran 17 ga watan Saudiyya da Pakistan sunka sa hannu cewa duk wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa su duka. Da Nuwamba ta zo kuma Yarima Muhammad bin Salman ya tafi Washington ana zancen sayen jiragen yaƙi na F-35. In wannan ba raba ƙafa ba ne, ban san mi za a kira shi ba.

Daga Yauri:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. A kunnen mai sauraro, raba ƙafa na da warin ɗan siyasar da ke cin tuwo a jam'iyya biyu. In aka ce Indiya ta raba ƙafa saboda tana sayen man Rasha, tana zama da Amurka da Japan da Ostireliya a ƙawancen Quad, ta kuma ƙulla cinikayya da Birtaniya a Yulin 2025, mutane za su ji kamar an zage ta da munafunci. Ni "neman madafa" nake so.

Daga Birnin Kebbi:
Hajiya, na auna maganarki sosai, domin kalma takan ɓata ƙasa a idon mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Amma munafunci a ɓoye ake yin sa, kuma muna da "fuska biyu" a ajiye dominsa. Waɗannan yarjejeniyoyi a bainar jama'a ake sa musu hannu, Amurka na kallo. Neman madafa kuwa sai wanda ƙasa ta riga ta zame masa, su kuma waɗannan tun kafin a kai can suke shiri.

Na bi Baba, da gyara ɗaya don koken Hajiya: a riƙa cewa "manufar raba ƙafa". Da zarar an ji "manufa" an san shawara ce ta hukuma da aka zauna aka yanke. Inda ake buƙata sai a ƙara "a ciniki" ko "a tsaro".

Kuma za mu buƙace ta a labaran gida. Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi na Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, ta sayo jiragen JF-17 daga Pakistan da jirage marasa matuƙi daga Sin da Turkiyya, ta kuma zama abokiyar BRICS, ƙungiyar su Brazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu, a Janairun 2025. Mu da 'yan bindiga da Lakurawa suka addaba, inda ake samo makaman nan ya shafe mu kai tsaye. Kanun da zan fara gwada ta da shi ke nan: "Kanada ta ɗauki manufar raba ƙafa a tsaro bayan harajin Trump."