Cajar laftof ɗina ta ɓata a danfo, da me zan yi caji kafin in samu wata?

Ɗan_Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na bar jakar caja a danfo tsakanin Oshodi da Agege, kuma kun san abin da danfo ya tafi da shi ya tafi ke nan. Kwamfutar Dell Latitude 7490 ce, tokumbo, a ƙasanta an rubuta 19.5V da 3.34A. Tana da zagayayyen ramin caja, tana kuma da ramin Type-C guda ɗaya. Abin da ke hannuna: cajar waya mai 25W, fawa-banki mai 20,000mAh, cajar HP ta maƙwabcina wadda bakinta ya shiga ramin daidai, sai batirin sola 100Ah a shago. Wanne zan iya jonawa ba tare da na ƙona ta ba? Masana a taimaka.

Mai_Gyara_Otigba

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri.

Kwamfuta ba ruwanta da sunan da aka buga a jikin caja, abin da ke fitowa daga wayar take dubawa. Lambar da ke da V, wato bolt, ita ce ba a wasa da ita. Taka 19.5V take so, za ta karɓi 19V ko 20V lafiya lau, domin bambancin rabin bolt bai kai ya yi ɓarna ba. Amma 24V na iya ƙona mata kayan da ke karɓar wuta a kan bodi, wato babban allon lantarkin da ke cikinta, 15V ko 16V kuma ba za su cika batir ba. Lambar da ke da A, amfiya, akasin haka ce: ta yi yawa ba komai, ta yi kaɗan ne matsala. Kwamfuta na jan abin da take buƙata ne kawai, ba ɗura mata ake yi ba. Ka ninka 19.5 da 3.34, za ka samu 65W. To cajar 90W mai 4.62A za ta yi maka aiki, har ma ta fi zama a sanyaye. Ta 45W kuwa zafi za ta riƙa ɗauka, caji ya riƙa tafiyar hawainiya, in ka buɗe aiki mai nauyi batir ya riƙa sauka alhali caja na jone.

Yanzu maganar cajar maƙwabci. Babban bakin HP da na Dell girmansu ɗaya, 7.4 da 5.0 na milimita, shi ya sa ya shiga. Ƙananan ma haka, 4.5 da 3.0. Leƙa cikin bakin za ka ga wata siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wuta ba, ita ce harshen da caja ke gabatar da kanta da shi. A cajar Dell akwai ɗan guntun cif da ke faɗa wa kwamfuta "ni ce mai 65W" ta wannan allurar. HP kuma rezista take amfani da shi, yarensu daban. Saboda haka in ka jona ta HP a Dell, yawanci kwamfutar za ta tashi ta yi aiki, amma za ta ce ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa har ka ɗauka cuta ce ta shige ta. Don ka kwashe fayil ko ka tura saƙo na gaggawa, ta wadatar, muddin 19V ko 19.5V ce a rubuce. Wasu tsofaffin HP 18.5V ne, ka duba. Don zaman yau da gobe, a'a.

Shawarata ka zo Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka nemi asalin cajar Dell ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa folo-kom. Ka zo da kwamfutar, kada ka zo da hotonta. Ka jona a gaban mai kaya, ka kunna kana danna F2 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar, ka buɗe shafin bayanin batir. A nan za a rubuta maka ƙarfin cajar da aka jona. In ka ga 65W ko 90W, ka lanƙwasa wayar a hankali a wuyan bakin kana kallon allon. In rubutun ya koma cewa ba a san cajar ba, siririyar wayar allurar ta fara tsinkewa a ciki, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma ɗaga ta a hannu. Ta jabu ba ta da nauyi, domin an zare mata ƙarfen sanyaya da kayan tace wuta. Alamarta ta biyu ita ce da ka jona sai kibiyar allo ta fara tsalle-tsalle in ka shafa yatsa.

'Yar_Idi-Araba

Yaya Mai Gyara ya gama magana a kan zagayayyen rami. Ni dai a ganina hanya mafi sauƙi ga wannan kwamfutar ita ce ɗaya ramin, domin Type-C na 7490 yana karɓar caji. Na faɗi haka ne saboda ba kowane Type-C ke karɓa ba. Ƙananan laftof masu araha da yawa suna da ramin, amma na tura fayil ne kawai, ko wace caja ka sa ba za su motsa ba. Wanda ba shi da tabbas ya duba littafin samfurin kwamfutarsa, ko ya nemi alamar walƙiya ko ta fulogi a gefen ramin.

Yadda abin ke tafiya: tsarin ana ce masa PD. Da ka jona, caja na farawa da 5V, sai ta karanto wa kwamfuta matakan da take da su, 5V, 9V, 15V, 20V, kwamfuta ta zaɓa. Babu yadda za a yi ta turo 20V ba a tambaye ta ba, shi ya sa gwaji a wannan ramin ba shi da haɗarin da zagayayyen yake da shi. Abin da zai faru mafi muni shi ne ta ƙi caji.

Cajar wayarka mai 25W ba za ta yi ba. Irinsu a 9V ko 11V suke tsayawa. Kada kuma babbar lambar da ke kan kwali ta ruɗe ka: akwai cajojin waya masu 65W ko 67W da ke kai wannan ƙarfin da wayar kamfaninsu kaɗai, ta wani tsari nasu na daban. Ka juya cajar ka karanta ƙananan rubutun. Abin da kake nema shi ne layin da ya ce 20V da 3.25A. In babu 20V a jerin, ba taka ba ce. In mai baki biyu ko uku ce, ka sani 65W ɗin na baki ɗaya ne. Da ka ƙara waya a na biyun sai ta raba, kwamfuta ta koma samun wajen 45W.

Igiyar ma da nata. Dole ta zama Type-C a kai biyun. Wadda kai ɗaya faffaɗan USB ne na da, ba za ta taɓa kawo 20V na PD ba. Igiyar C zuwa C ta gama-gari 3A take ɗauka, wato 60W, kuma wannan ya ishi kwamfutarka, sai dai wataƙila ta yi ɗan gargaɗin cewa cajar ba ta kai ba. In kana son 65W daidai ko sama, sai igiya mai 5A, wadda ake rubuta wa 100W, tana da nata cif a cikin kai.

Fawa-bankin kuwa, ba yawan mAh ke ba shi ikon cajin laftof ba. Yawancin masu 20,000mAh da ke yawo a kasuwa 22.5W ne iyakarsu, a 12V suke tsayawa. Duba bayansa, in akwai 20V a layin fitar wuta na Type-C, to ka dace. Lissafin abin da zai ba ka: 20,000mAh a 3.7V ya kama 74Wh, a cire wajen kashi ɗaya cikin biyar da ke tafiya a zafi, saura kusan 60Wh. Batirin 7490 ko dai 42Wh ne ko 60Wh. Cika ɗaya ke nan, in kwamfutar a kashe take. In tana kunne kana aiki, ba ma zai cika ta ba.

Ɗan_Agege

Na gode ƙwarai. Na duba, fawa-bankin a 12V ya tsaya, ya fita ke nan. To batirin solar fa? Shi ne ma na fi so, don wutar unguwarmu sai a hankali.

Baba_Mai_Sola

Ɗana, batirin zai yi, kuma ya fi duk sauran daɗewa, amma kada ka kai 12V kai-tsaye cikin kwamfuta. Sai an ɗaga wutar zuwa 19.5V ko 20V.

Hanya mai tsafta ita ce cajar mota mai Type-C, 65W, da soket irin na kunna sigari da za ka ɗaura wa batirin. A nan mutane ke faɗawa rami: yawancin cajojin motar sauke wuta kawai suka iya, ba su iya ɗagawa ba. Za a rubuta 65W a jiki, amma 20V ɗin sai an ba su 24V, irin na tirela. Direbobinmu da ke lodi a Apapa da Mile 12 su kam ta yi musu daidai. A ƙaramar mota ko batir guda sai ta tsaya a 9V ko 12V. Ka tambayi wadda ke fitar da 20V daga 12V, kuma a gwada maka a batir guda kafin ka biya. A kasuwar Alaba ba a rasa batirin gwaji.

Haɗin kuma ga shi. Kwamfuta na jan 65W in batirinta ya yi ƙasa, to a ɓangaren 12V wannan ya haura 6A in an haɗa da asara. Ka yi amfani da waya 1.5mm, kada ta wuce mita biyu, in za ta wuce ka koma 2.5mm. Ka sa fiyus 10A a kan jar wayar, dab da kan batir, ba can kusa da soket ba, domin in waya ta goge ta haɗu a tsakiya, batir 100Ah zai mayar da ita garwashi kafin ka ankara. Tsakiyar soket shi ne ja, gefe baƙi. In kana da kwantirola, wato na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, ka ɗauki wutar daga bakinta na lodi, ita za ta yanke da kanta in batir ya yi ƙasa. Ramukan USB na jikin kwantirola 5V ne, na waya ne kawai.

Batir 100Ah a 12V ya kama 1,200Wh, amma mai ruwa ko jel rabi ake ci in ana son ya yi shekaru, wato 600Wh. Aikin rubutu da intanet na cin 25W zuwa 30W, ka ga in an cire asara kana da awa 17 zuwa 20 in ba a jona wani abu ba. Da mitar awon wuta ta nuna 12.1V ba lodi, ka tsaya. In batura biyu ne aka haɗa suka ba da 24V, kada ka tsotsi guda ɗaya, za ka kashe shi ka bar ɗan'uwansa. Ka ɗauka daga duka biyun da cajar da ke karɓar 24V.

Akwai kuma ɗan bodin ɗaga wuta mai 150W da ake saitawa da sukudireba. Yana aiki, amma sai mai mita: a juya ɗan sukurun har ya nuna 19.5V kafin a kusantar da shi ga kwamfuta, a tabbatar bangon cikin bakin ne ja, na waje baƙi. Ƙananan bodin nan masu cif XL6009 ba su kai ba, zafi suke yi wutar ta faɗi. Faifan sola kuma kada a jona shi kai-tsaye don an ga 18V a bayansa. In ba lodi yana kai 21V zuwa 22V, girgije na giftawa ya zube, kuma sararin Legas kun san shi da damina.

Inbata ba ta shigo lissafi ba, domin 230V take bayarwa, sai ka sake neman cajar da za ka soka mata.

Mai_Gyara_Otigba

Baba, a yi mini afuwa in ɗan ƙara a kan bodin nan. Ga Acer, Asus ko Toshiba masu baki mai waya biyu, daidai ne. Ga Dell ɗinsa kuwa zai koma gidan jiya: wuta za ta shiga, batir ba zai yi caji ba, saboda babu cif a kan allurar. Haka igiyoyin nan da kai ɗaya Type-C ne ɗaya kan zagayayye, masu roƙon 20V daga cajar PD. Suna da amfani sosai ga tsofaffin kwamfutocin da ba su da Type-C, amma sai an sayi wadda aka yi wa kamfanin: ta Dell mai cif, ta HP mai rezista, ta Lenovo mai baki murabba'i ita ma da rezistanta, 280 om na nufin 65W, 550 om na nufin 90W. Irin wannan igiyar 20V take fitarwa ko me aka jona mata, don haka kada a kuskura a soka ta a rawuta ko dikoda mai 12V don bakin ya shiga. Shi dai Malam ya bi ta Type-C ɗinsa, ya huta da duk wannan.

Caja mai baki takwas da maɓallin zaɓen bolt, daga 12V zuwa 24V, ba na ba da shawararta. Maɓallin na gocewa a cikin jaka. Wanda ya riga ya saya ya saita, ya auna da mita, ya naɗe maɓallin da salatif.

Masu cewa a ciro batir a ba shi wuta da waya biyu, ko a yi caji ta ramin HDMI ko faffaɗan USB, a bar wannan. Waɗancan ramukan fitar da wuta suke yi, tura musu wuta ƙona bodi ne. Batirin lithium kuma kowane ɗa a cikinsa 4.2V ko ɗan sama da haka ne iyakarsa, akwai bodin tsaro da ke lura da su ɗaya bayan ɗaya. In aka tsallake shi batir na kumbura ko ya kama da wuta, in bodin ya ga abin da bai gane ba kuma ya kulle kansa, sai sabon batir.

Ga wanda tasa cajar mutuwa ta yi ba ɓata ba: kafin ka sayi wata, canza igiyar bango mai ido uku, ka kuma buɗe fulogin ka duba fiyus ɗin ciki. In fitilar cajar na kamawa amma tana mutuwa da zarar an soka ta a kwamfuta, ba cajar ba ce, wuta ce ta haɗu a ramin ko a kan bodi, kuma sabuwar ma haka za ta yi.