Wanda ba shi da takardu a Amurka, idan aka kawo masa hari, ya rama ko ya haƙura?

Mai kai abinci, Bronx:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so duk wanda irin abin da ya same ni ya taɓa samunsa ya faɗi yadda ya yi. A hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na kai abinci wani bene, ina fitowa sai wani matashi ya tare ni da wuƙa ya ce in sakar masa kekena mai lantarki. Sarƙar ɗaure keken tana hannuna, kuma na san da na kai masa duka da ita da ya faɗi, amma abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne bizata da ta ƙare shekara biyar da suka wuce, da cewa idan jini ya zuba dole a ɗauki hoton yatsuna. Na sakar masa keken da na yi wata bakwai ina tara kuɗinsa, kuma har yau ban kai ƙara ba.

Mai aikin gidan mai, Greensboro:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Mu a nan North Carolina tun 2011 doka ta ce mutum ba sai ya ja da baya ba, idan yana inda yake da haƙƙin kasancewa kuma ya ji tsoron za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni, yana iya harbi. Mai gidan man da nake yi wa aikin dare yana ajiye bindiga a ƙarƙashin kanta, amma ni ko taɓa ta ba na yi, domin dokar tarayya ta haramta wa wanda ba shi da izinin zama riƙe bindiga ko harsashi, kuma hukuncin yana iya kaiwa shekara 15 a gidan yari kafin a mayar da mutum ƙasarsa.

Wata rana wani farar fata ya shigo da bindiga a ƙugu, abin da doka ta yarda masa, muka yi saɓani a kan canjin dala ashirin. Da na ɗaga murya kaɗan na zagayo don in nuna masa rasit, sai ya ɗora hannu a kan bindigar ya ce ina tsorata shi. Wallahi a wannan lokacin Trayvon Martin na tuna, yaro ɗan shekara 17 da George Zimmerman ya harbe a Sanford ta jihar Florida a watan Fabrairun 2012 yana dawowa daga shago, kuma aka wanke wanda ya kashe shi a 2013. Na ɗaga hannuwana sama, na koma bayan kanta, na ba shi kuɗin da ba nasa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da ya harbe ni, tsoronsa za a auna a kotu, ni kuwa abin da za a fara tonowa shi ne yadda na shigo ƙasar.

Tafintan kotu, New York:

Malam mai kai abinci, dokar jiharmu ta bambanta da ta North Carolina. A New York, idan ba a cikin gidanka kake ba, kuma kana da hanyar tsira ba tare da haɗari ba, wajibi ne ka kauce kafin ka yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa, sai dai idan laifi irin fashi, fyaɗe ko garkuwa da mutum ake ƙoƙarin yi maka. Haƙƙin kare kai bai tambayi takardu ba, wannan gaskiya ne a rubuce. Sai dai a shekarun da na yi ina fassara wa mutanenmu, na ga wanda aka janye tuhumar da ake yi masa baki ɗaya, amma kamun farko ya riga ya sa hoton yatsunsa ya isa hannun hukumar shige da fice. Kafin ka yi wata magana da kowa, ka nemi lauyan da ya san ɓangarorin biyu, wato dokar laifuka da ta shige da fice.

Mai kitso, Philadelphia:

Ƙanena, ni na kai ƙara, kuma ban yi nadama ba, ko da yake ba zan ce wa kowa lallai ya yi yadda na yi ba. Wasu mutum biyu suka shigo shagonmu dab da rufewa, suka kwashe cinikin ranar, ɗaya ya buge ni da gindin bindiga har hannuna ya karye. Kwana uku ina kuka ina shawara da yayata kafin na yarda na ba da shaida. Lauya ce ta gaya mini akwai biza mai suna U, wadda aka kafa a 2000 domin waɗanda aka yi wa manyan laifuka suka kuma taimaka wa masu bincike, amma guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara, kuma sai an samu sa hannun hukumar da ta binciki lamarin, ko mai gabatar da ƙara, ko alƙali, cewa ka ba da haɗin kai. Samun wannan sa hannun ya ci mini kusan shekara, kuma yanzu shekara ta huɗu ke nan ina jira.

Dattijo mai sayar da kaya, Harlem:

'Ya'yana, ina garin nan na New York a ranar 4 ga Fabrairun 1999 lokacin da 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 a kan Amadou Diallo, ɗan Gini mai shekara 23, a ƙofar gidansu da ke titin Wheeler, 19 suka same shi, kuma abin da ke hannunsa walat ne. Mai tallar kaya ne a bakin titi kamar ni. Na fita zanga-zanga a lokacin, ba ni da takardu, ina tafiya ƙafafuna suna rawa. Shekara ɗaya bayan haka aka wanke su duka huɗun a kotu a Albany, babban birnin jihar New York, saboda sun ce tsoro suka ji. Yau ina da fasfon ƙasar nan, amma har yanzu idan aka tsayar da ni ba na sa hannu a aljihu sai na faɗi da baki abin da zan ɗauko, kuma haka na koya wa jikokina da aka haifa a nan.

Mai kai abinci, Bronx:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Malam tafinta, zan same ka bayan sallar Juma'a ka nuna mini inda ake ganin lauya kyauta, domin yaron da ya karɓi keken nan na sake ganinsa makon jiya a layin da nake bi kullum.