Shawarwari kan jinginar da manyan hanyoyin Indiya

An tattauna kan yadda hukumar manyan hanyoyi ta Indiya, wato NHAI, take miƙa haƙƙin karɓar kuɗin shinge na hanyoyin da aka kammala ga masu zuba jari na tsawon shekaru, domin ta gina sababbi da kuɗin ba tare da ƙara ɗaukar bashi ba.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a daina gaggawar sa farashi. A 2018 kamfanin zuba jari na Macquarie ya biya kusan rupi biliyan 97 kan hanyoyi 9 na shekara 30, amma wasu rukunan hanyoyin da suka biyo baya an soke cinikinsu saboda tayin ya gaza, don haka aka ce a auna zirga-zirgar motoci da bayanan FASTag, wato tsarin biyan kuɗin shinge ta na'ura, kafin a yanke kuɗi.

Mafi yawan masu tattaunawar sun fi karkata ga asusun amana na zuba jari irin wanda hukumar ta fara tara kuɗi da shi a 2021, wanda asusun fansho biyu na Kanada suka shiga, domin dokar SEBI, wato hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Indiya, ta wajabta raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na rarar kuɗi ga masu hannun jari, kuma hanyar tana komawa hannun gwamnati idan wa'adi ya cika. Sun nemi a buɗe wa ƙananan masu ajiya ƙofa sosai.

A ganina gargaɗin da ya fi cancantar kulawa shi ne a rubuta sharaɗin gyaran hanya da iyakar ƙarin kuɗin shinge ƙarara a cikin yarjejeniya, domin direba ne ke biya.