Shawarwarinku kan sanarwar da ake yi wa alhazai a Makka

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta daga maganganunku:

1. Kusan kowa ya yarda a yi sanarwa da Hausar gida. Dattijuwar da ta zo daga ƙauye ba ta san "tafwij" ba, a ce mata "lokacin da ayarinku zai tafi jifa". In ba ta gane ba, sai ta fita Mina cikin rana ita kaɗai, kuma wannan ne ya fi damuna.

2. Wuri da lokaci su zo farko.

3. An rabu kan kalmar "tasrihi", wato izinin yin aikin Hajji. Mazauna Jidda sun ce a bar shi yadda yake, tunda shi jami'i zai tambaya a shingen bincike. Wasu sun ce a haɗa da "takardar izini".

4. Nusuk, wato manhajar Hajji da Umara ta Saudiyya, suna ne, kada a fassara.