Iya yare: baiwa ce ko son sani?

Baban Khadija: Ni dai ina nan a kan bakana, iya yare baiwa ce. Tare muka sauka Legas da ƙanena sana'ar gwari, rumfarmu ɗaya a kasuwar Mile 12. Yau in yana Yarbanci sai ka rantse ɗan Ibadan ne, ni kuwa shekara tara ban wuce ciniki ba. Abin yana damuna, amma Allah bai ba ni kan yare ba.

Maman Ummi: Yaya, in an tashi kasuwa ina kake zama, shi kuma ina yake zama?

Baban Khadija: Ni cikin 'yan uwa Hausawa. Shi kam yana wajen direbobi da mata masu sayen tattasai, komai ya ji sai ya ce a maimaita masa, suna dariya yana dariya.

Maman Ummi: To ka gani. Kai kunya ta riƙe ka, shi son sani ya ja shi. Dubi Inyamuran Sabon Gari a Kano, yawancinsu na jin Hausa. Duk baiwa ce ta haɗa su?

Malam na Maraɗi: Hajiya ta yi gaskiya. Faransanci nake koyarwa. Yaron da ke tsayar da ni a bakin aji ya nuna rubutun jikin gwangwanin madara ya ce "Malam, me wannan ke nufi?", shi ke fara buɗe baki, ko da ba shi ke ɗaukar na ɗaya ba. Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdul Karim, haka ya yi ta tambaya yana rubuta kalmomin Hausa da Barbarci a hanya.

Baban Khadija: Malam, to karin harshe fa? Yarbanci in ka ɗaga murya inda ake sauke ta, ma'ana ta sauya.

Malam na Maraɗi: Nan kam na ba ka, Alhaji. Kunne ya fi kunne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba da wuya bakinsa ya goge sarai. Amma kwastoma ba gogewar baki take nema ba, so take ta ji ka, ka ji ta.

Maman Ummi: Yaya, gobe ka roƙi mai sayen tattasai ɗaya ta koya maka gaisuwar safe.

Baban Khadija: Zan gwada, amma fa ban janye maganata ba.