Me ya sa ake gayyatar likitocin mutane su duba gorila a gidajen namun daji?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa a shekarar 2016 wani ƙwararren likitan mata ne ya yi wa wata gorila mai suna Kera tiyatar haihuwa a gidan namun daji na Bristol da ke Ingila, bayan ta nuna alamun hawan jinin masu juna biyu. Tunda gidan yana da nasa likitocin dabbobi, me ya kawo likitan mutane? Shin aikin ya fi ƙarfinsu ne?

Likitan Dabbobi:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ba gazawa ba ce. Ƙirar jikin manyan birai irin su gorila da cimfanzi da bonobo da orangutan tana da kusanci ƙwarai da ta ɗan Adam, kuma likitan dabbobi yana iya yin ritaya bai taɓa ciro jariri daga cikin gorila ba, alhali hannun likitan mata ya saba da wannan aiki. Duk da haka ragamar tana hannun likitan dabbobi, domin shi ne ke auna maganin barci, shi ne kuma ke lura da dabbar har ta farfaɗo. An daɗe ana irin wannan haɗin gwiwa, domin tun 1994 likitocin mutane suka yi wa wata ƙaramar orangutan mai suna Karen tiyatar zuciya a San Diego ta Amurka.

Malamin Jami'a:
Zan ɗora a kan bayanin Likita, domin a ganina tiyatar haihuwa ta fi jan hankalin 'yan jarida ne kawai, amma babbar matsalar ciwon zuciya ce. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan birai a gidajen namun daji, musamman mazan gorila, inda tsokar zuciyar ke cika da tabo a hankali har ta kasa harba jini. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne dabbar tana ɓoye ciwonta, sannan sanya mata barci domin bincike yana iya zama ajalinta idan zuciyar ta riga ta raunana. Shi ya sa masu kula da su suke shafe watanni suna horar da su, da ladan abin marmari, har gorila ya riƙa manna ƙirjinsa a jikin raga a ɗauki hoton zuciyarsa idonsa biyu, ko ya miƙo yatsa a auna hawan jininsa. A 2010 aka kafa wani shiri a gidan namun daji na Atlanta ta Amurka domin tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje, saboda sai an san yadda lafiyayyar zuciyar gorila take kafin a gane mai ciwo.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, Malam. Ke nan cututtukanmu ma suna kama su?

Likitan Dabbobi:
Ƙwarai kuwa, har murar da muke rainawa tana iya kwantar da su. A watan Janairun 2021 cutar korona ta kama wasu gorila a San Diego, kuma babban namijinsu mai suna Winston, wanda aka gano yana da ciwon huhu da na zuciya, sai da aka yi masa magani na musamman kafin ya warke. Bayan haka aka yi wa wasu orangutan da bonobo allurar rigakafin da kamfanin Zoetis ya haɗa domin dabbobi, kuma Karen ɗin da na ambata tana cikinsu.