Neman shawara: layin dogon wasa a tsakar gida

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fili a bayan gida a Zariya, mita 6 a tsayi, 4 a faɗi, ƙasar jar laka ce, akwai darbejiya a gefe guda. So nake in shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai lantarki wanda zai zauna a waje rani da damina. Wani ya yi mini tayin saitin jirgin wasa mai girman da ake kira HO da araha. In saya? Kuma yaya ake shimfiɗa dogon don kada ruwa ya tafi da shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada arahar ta ruɗe ka, HO na cikin ɗaki ne. Tazarar ƙarafansa biyu milimita 16.5 ce kawai, ƙwayar tsakuwa ɗaya ko ɗan darbejiya ya isa ya kifar da kan jirgin, robarsa kuma rana ke gasa ta har ta rududduge. Na waje shi ne G, mai tazarar milimita 45. Kamfanin LGB na Jamus ne ya fito da shi a 1968, an kuma yi robarsa don ta jure rana da ruwa. Ma'auninsu 1:22.5 ne, wato jirgin gaske ya ninka na wasan sau 22.5 a tsayi. Idan tsohon jirginmu na Legas zuwa Kano kake son kwaikwaya, wanda tazararsa milimita 1,067 ce, to 1:24 ne ya fi dacewa da wannan dogon. Na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 kuwa 1:32 ne.

Batun kwana nan ne mutane ke yin kuskure. Saitin farawa yana zuwa da kwanar R1, guntaye 12 ke haɗa da'ira mai faɗin mita 1.2. Ta yi matsi: tarago mai tsawo yana leƙowa waje, ƙafafu na cinyewa da wuri. Filinka zai ɗauki R3, guntaye 16, faɗin da'ira kusan mita 2.4. Raba da'irar biyu, ka sa miƙaƙƙen dogo na mita 3 a kowane gefe. Tsayin zagayen zai ci mita 5.4 na filin, dogon duka kuma wajen mita 13 da rabi.

Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita, a kan kwana ma a bar shi lebur. Cire tunanin gadar da jirgi zai bi ta saman wani layin: sai ta ɗaga kusan santimita 25, wato hawan fiye da mita 12, filinka bai kai ba.

Mai Gini: Ɗan'uwa, aikin duk yana ƙasa ne, jirgin ado ne kawai. Kada ka fara sai ka ga inda ruwa ke kwanciya bayan an yi mai ƙarfi, ka yi alama. Sannan ka haƙa rami faɗin santimita 20, zurfin 12, bin zanen layin. Shimfiɗa buhun roba mai saƙa a ciki don hana ciyawa, amma ba leda ba, leda riƙe ruwa take yi. Zuba fasasshen dutse ƙanana, milimita 2 zuwa 5, haɗe da garinsa, ka daɓe shi hawa-hawa kana yayyafa ruwa, har ya ɗara ƙasar gefe da yatsu biyu ko uku. Baro biyar zuwa shida zai ishe ka. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yi, gangarawa take kamar gero. Fasasshen dutse ne ke cizon juna.

A jar laka, inda layin ya tare hanyar ruwa ka binne bututun roba mai inci 2 a matsayin kwalbati, in ba haka ba cikin zagayen zai koma kududdufi. Katako kuwa ko kusa da ƙasa kada ya je, gara ba ta jira. Idan kana son ɗaga layin, yi da bulo.

Sai ma'aunin lebur na magina. Ɗora shi a gicciye kan ƙarafan biyu a kowane taku. Yawancin kifewar jirgi daga nan take, gefe ɗaya ya nutse da milimita 3 ko 4 ido bai gani ba.

Injiniya: Ƙari a kan maganar Mai Gini: kada a ɗaure dogon da siminti ko ƙusa. Tagulla ce, tana miƙewa da zafi. Tsakanin asubar hunturu da rana tsaka a watan Afrilu, zafin ƙarfen kan bambanta da digiri 45 ko fiye, kowace mita tana ƙara kusan milimita 1, zagayen duka sama da santimita guda. Idan ya sami inda zai motsa a kan tsakuwa, kwanar ce za ta ɗan buɗe ta dawo. Idan an ɗaure shi, sai ya lanƙwashe kamar maciji.

Mai Lantarki: Wutar gida ta 230 ba ta fita tsakar gida. Tiransifoma da na'urar sarrafa gudu su zauna a ɗaki, abin da ke zuwa dogo bai wuce bolt 24 ba. Mai amfiya 5 ya wadatar. Idan ɗauke wuta ke damunka, haɗa batir biyu na sola masu bolt 12 a jere su ba da 24, ka sa fis na amfiya 5 kusa da batirin.

Abin da ke tsayar da jirgi a tsakiyar hanya mahaɗar dogo ce. Waɗannan 'yan maƙalan da ake zurawa suna sakin jiki bayan miƙewa da tsukewa, ƙura ta shiga, wuta ta yanke. Sauya su da masu ɗaurin sukuru, ka shafa man girafayit kafin ka ɗaure. Ja waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a cikin bututu ƙarƙashin ƙasa, ka ba dogon wuta a kowace mita 4, ba wuri ɗaya ba. Goge saman ƙarfen kafin kowane tashi da soson wanke-wanke mai laushi. Samfefa haramun ce a nan: tana barin zane, zanen ya tara datti.

Yaya Babba: Da izinin Mai Lantarki, ni ba na goyon bayan wutar dogo a wannan filin. Ƙurar hunturu ga ta, ga 'ya'yan darbejiya masu danƙo suna zuba kan ƙarfe. Gogewar za ta fi tuƙin yawa. Sa batirin lithiyum mai bolt 14.8 a taragon farko, da na'urar rimot, a cire wayoyin da ke ɗebo wuta daga ƙafafu. Daga nan ko dogon ya yi baƙi jirgi zai tafi. Sharaɗi ɗaya: batirin ba ya zama a rana, ba a cajinsa yana da zafi.

Mai Lantarki: Gaskiya ne Yaya, amma buɗe cikin kan jirgi ba aikin ɗan koyo ba ne. Ya fara da wutar dogo, ranar da ya gaji da gogewa ya koma batir, dogon dai ɗaya ne.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Yara sun nace sai an yi ramin da jirgi zai shige ya ɓulla. Da mai kuma, wane iri ake sawa?

Yaya Babba: Ramin kada ya wuce mita guda, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane baki, domin a can ciki jirgi ya fi son kifewa. Yi masa murfi biyu ka riƙa toshewa, in ba haka ba ƙadangaru da kunama za su riga jirgin tarewa. Mai kuwa, wanda aka rubuta ba ya cin roba, ɗigo ɗaya a bakin allura kan kowane gatarin ƙafa. Baƙin man mota na iya lalata robar giya, mai da yawa kuma yana haɗuwa da ƙura ya koma kamar garin niƙa a cikin haƙoran. Kan jirgin da taragai su kwana a ɗaki, dogo kaɗai ke kwana waje. Idan akwai kaji a gidan, kewaye layin da raga tun kafin ka zuba tsakuwar.